Garmar dusar ƙanƙara a gaban sikida: wacce zaka ɗaura, kuma ta yaya?

Wani ɗan uwa ne da yake aiki a jihar New Brunswick ta ƙasar Kanada ya kira ni ran Lahadi bayan sallar isha'i, yace maigidansa yana da tsohuwar sikida ƙirar Timberjack 230 a ajiye a bayan gida, kuma suna da hanyar daji wajen kilomita 6 daga bakin kwalta zuwa inda suke tara itace, duk lokacin sanyi sai sun jira mai gireda ya gama na mutane sannan ya zo musu, wani sa'in kwana biyu suna zaune. Shine maigidan yace masa tunda ka iya walda ai sai ka nemo garma ka liƙa mata a gaba mu huta. Ya tambaye ni wace iri zai nema. Mun fi awa ɗaya a waya bamu gama ba, shi yasa nace bari in zauna in rubuta a tsanake, dan nasan ba shi kaɗai bane cikin ƴan uwanmu da aikin ƙarfe ya kawo su wannan ƙasa mai sanyi. Ni dai a arewacin Ontario nake, wajajen Hearst da Kapuskasing a kan babbar hanya mai lamba 11, kuma na ɗaura garma a kan sikida da hannuna, na kuma gyara wadda wasu suka ɗaura ta karye.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, sikida mota ce ta jan gungumen itace daga inda aka sare shi zuwa bakin hanya. Taya huɗu manya duk suna ja, kuma jikinta kashi biyu ne da gaɓa a tsakiya, idan ka murza sitiyari ba tayoyin gaba ne suke juyawa ba, motar ce gaba ɗaya take lanƙwashewa a ƙugu kamar feloda. Akwai mai winci da igiyar ƙarfe a baya, akwai mai hannu irin na ƙaguwa da yake cafke itacen. A gaba tana da wani ƙarfe kamar na katafila amma ƙarami, aikinsa tura gungume a tsibe shi da kuma dannewa ƙasa idan za'a ja winci. To wannan ƙarfen na gaba shine yake ruɗar mutane, kowa ya gani sai yace ai ga garma nan an gama.

Ba'a gama ba wallahi. Ƙarfen nan gajere ne, a yawancinsu ko faɗin tayoyin bai kai ba, sama da ƙasa kawai yake yi baya karkata gefe, kuma bashi da lanƙwasar da zata naɗe dusar ta zubar da ita. Idan ka shiga da shi cikin dusa mai kai gwiwa, taku kaɗan ya cika, tana zubowa ta samansa tana toshe lagireto tana zuba ta gefe tayoyi suna dannewa, ka juyo ka ga hanya kamar an yi huɗa an bari. Dan buɗe wurin juya mota ko tura tsibi gefe ya isa. Hanya mai kilomita 6 kuwa yini zaka yi kana gaba kana ribas.

Abin da nake so mutum ya riƙe kafin ya kashe ko dala ɗaya shine halin motar kanta. Sikida ƙarfi ne da ita ba gudu ba. Motar gwamnati da kake gani a kan titi tana watsa dusa can nesa, gudu ne yake mata wannan aikin, garmar tana ɗebo dusar ta naɗe ta ta jefar bayan kwata. Sikida bata da sifirin bata da shokozoba, tayoyin ne kaɗai suke ɗaukar girgiza, da ka ɗan taka ta sai ta fara tsalle kamar doki, garmar tana sara tana ɗagawa, ta bar maka hanya mai gargada. Kenan a hankali zaka tafi, kuma a hankali dusa bata tashi, mirginawa take yi ta kwanta dab da kai. Na biyu, bata san ta tsaya ba. Akori-kura idan ta daki kututture tayarta zata yi ta juyawa a kan ƙanƙara ta tsaya, ita kuwa wannan, ƙaramarta ma tana kai tan 6 zuwa 7, manyan na yanzu sun haura tan 15, ga sarƙa a taya ga ƙaramin giya, duk abin da ya tare ta ko shi ya karye ko garmar ta karye ko kai direba ƙirjinka ya haɗu da sitiyari. Duk zaɓin da zan kawo a kan waɗannan biyun nake auna shi.

Mafi araha shine ka ƙara wa ƙarfen asali fiffike hagu da dama da kuma tsawo a sama, ya koma kamar akwati. Faranti ne da angul da kwana ɗaya na walda. Idan abin da kake sharewa fili ne, wato wurin tara itace ko harabar garejin da tirela take juyawa, yana aiki sosai, yana kwasar dusa da yawa ya kai ta ƙarshen fili ya tsibe. Amma a doguwar hanya matsalar tana nan, baya zubarwa gefe, sai ka riƙa yanke hanya kana tura dusa cikin daji duk bayan ƴan mitoci. Kuma dan Allah duk wanda zai yi wannan ya ɗaura fiffiken da noti ko fin, kar ya walde shi dindindin, dan in bazara ta zo za'a koma jan itace kuma fiffiken zai riƙa kama bishiyoyi.

Sai garmar akori-kura, irin su Fisher da Western da Boss masu ƙafa 8 ko 9, waɗanda zaka samu na hannu ko'ina da arha. Kayan kirki ne, Fisher tun 1948 suke ƙera garma a Rockland ta jihar Maine, ba wanda zai raina su. Amma an ƙera su ne dan mota mai tan 3 ko makamancin haka. Ka ɗauki wannan ka sa a gaban abin da ya ninka ta biyu ko biyar, kuma wanda baya zamewa, ƙarfen nan mai siffar harafin A da yake riƙe ta zai lanƙwashe tun kafin Janairu ta ƙare. Ga kuma gajarta, idan ka karkatar da mai ƙafa 8 bata ma rufe sawun taya. Ni ban bada shawararta ba ko da kyauta aka baka, sai dai in hanyarka gajera ce ƙwarai, shimfiɗaɗɗiya, kuma kai kaɗai zaka riƙa tuƙawa.

Gardamar gaske tsakanin uku take, kuma dukkansu daga motocin ƙananan hukumomi da gireda suke fitowa idan an yi gwanjonsu. Akwai mai gefe ɗaya, wadda take ƙarama ta hagu ta buɗe kamar mazurari ta dama. Akwai miƙaƙƙiya mai juyawa hagu ko dama. Akwai kuma mai tsini a tsakiya kamar hancin kwale-kwale, wadda ake ce wa V. Sunayen da zaka riƙa cin karo da su a jikinsu su ne Frink da Viking-Cives da Everest da Tenco, shi ɗan uwan nan namu ma a jiharsu akwai Craig a garin Hartland masu ƙera ta feloda. Frink ɗin nan tsohon suna ne, Carl Frink ya fara ƙera garmar ƙarfe a Clayton ta New York tun 1920, har yanzu zaka ga tsofaffinsu a bayan gidajen manoma ciyawa ta rufe su amma ƙarfen lafiya lau.

Mai gefe ɗaya ita ce tafi yawa a gwanjo kuma ita ce tafi saurin jan hankali saboda girmanta. Sai dai dan gudu aka yi ta. Wannan mazurarin nata sai motar tana tafiya sosai yake aikinsa na jefa dusa sama da nesa, a tafiyar sikida kuwa rabin amfaninta ya tafi, abin da ya rage maka nauyi ne. Kuma dama kawai ta sani. A hanyar daji akwai inda dama tudu ne hagu gangare, hankali yace ka zubar ta gangare, ita kuwa bata baka wannan damar. A nan wajenmu ƙasar shimfiɗe take, laka ce da fadama, shi yasa wasu suke zaune da ita lafiya, su shiga suna zubarwa dama su fito suna zubarwa ɗaya gefen. New Brunswick akwai tuddai, ban ga dacewarta a can ba.

Mai V kuma, ita ce sarauniya idan an yi babban zubi. Na taɓa shiga da ita hanyar da aka bari tun farkon Disamba ba'a taɓa ba, dusa har ƙugu, iska ta tara ta wani wurin ta fi haka, na sa ƙaramin giya na kulle difaransha, kana ji injin ya ɗauki nauyi sai dusar ta tsage biyu tana naɗewa hagu da dama kamar ana buɗe ƙofa, motar kuma bata karkata ko kaɗan ba. Nan ne sirrinta. Duk garmar da aka karkatar gefe ɗaya, dusar da take turawa ita ma tana tura ta, kuma sikida da gaɓa a ƙugu tafi kowace mota jin wannan turin, gabanta sai ya riƙa zamewa zuwa ɗaya gefen kana ta fama da sitiyari. V kuwa turin hagu yana kashe na dama, motar ta tafi sak. Ga shi bata buƙatar ƙarin tiyo ko bawul, ɗagawa da saukewa ne kawai, wanda motar dama tana da shi.

Amma ka zauna da ita shekara guda zaka ga inda take gazawa. Faɗinta ɗaya ne, yau ta buɗe ƙafa 10 gobe ma ƙafa 10, dusar kuma tana kwanciya a wuri ɗaya kullum, gefen yana ta tashi yana daskarewa, zuwa Fabrairu hanyarka ta zama lungu tsakanin katanga biyu, in iska ta taso cikin dare ta cike lungun taf. Zaka iya bi da fiffike ɗaya ka ƙara faɗin, amma rabin abin da ka taɓa yana dawowa tsakiyar hanya. Bata goge ƙasa tas, bata iya share mahaɗa ko wurin juyawa, kuma yawancin tsofaffin V basu da sifirin ɗin da zai sa bakin ya kauce idan ya daki dutse, sai dai tsinin ya hau kansa in Allah ya taimaka.

Miƙaƙƙiya mai juyawa bata kai V ba a dusa mai zurfi, wannan gaskiya ne, in abin ya wuce gwiwa sai ka bi sau biyu, ka ɗauke sama sannan ka dawo ka ɗauke ƙasa, ko ka rage abin da kake ci. Amma duk sauran aikin ita take yi. Ka karkatar dama ko hagu yadda ƙasa ta nuna, ka miƙar da ita ka tura katangar gefe can cikin daji, ka share wurin da tirela biyu zasu wuce juna, ka goge harabar gida. Kuma kusan dukkansu suna zuwa da sifirin, wasu duk jikin garmar ne yake kifawa gaba idan ta daki abu, wasu bakin ƙasa ne kawai yake lanƙwashewa baya ya dawo. A gaban sikida wannan sifirin ɗin a wurina ya fi duk wani abu da ke jikin garmar daraja.

Na faɗi haka ne saboda abin da na gani. An taɓa kawo mana wata a garejin da nake aiki, wani ya samu tsohuwar garma ya cire sifirin ɗin wai sun yi tsatsa, ya walde ta tsaf a jikin ƙarfen gaba, walda mai kyau kuwa, ba zaka ce komai ba a ido. Da safe cikin sanyin da ya kai 30 ƙasa da sifiri ya daki kan wani dutse da ƙanƙara ta turo sama a tsakiyar hanya. Kunnen da silinda take kamawa ya tsinke fit kamar an fasa tangaran, sandar silindar ta lanƙwashe, shi kuma yaron da yake tuƙi bai ɗaura bel ba ya daki sitiyari da haƙarƙari, ya yi makonni baya iya dariya ko tari. Ƙarfe a irin wannan sanyin baya lanƙwasa ya baka gargaɗi kamar yadda muka saba a gida, karyewa yake. Tun daga ranar in zan yi waldar irin wannan wurin sai na shigo da shi ciki ya kwana, na ɗumama shi da wuta, na yi amfani da sandar walda mai lamba 7018 busasshiya daga cikin akwatinta, na barshi ya huce a hankali.

Maganar faɗi kuma lissafi ne ƙarami amma mutane da yawa a nan suke asara. Garma idan ka karkatar da ita digiri 30, abin da take sharewa yana komawa kusan kashi 87 cikin 100 na tsawonta. Mai ƙafa 10 zata baka ƙafa 8 da inci 8, mai ƙafa 11 ta baka 9 da rabi, mai 12 ta baka 10 da ɗan ɗori, mai 14 ta baka 12. Ka ɗauki tef ka auna motarka daga bayan taya zuwa bayan taya, da sarƙar a jiki, sannan ka ƙara aƙalla rabin ƙafa kowane gefe dan in ka lanƙwasa a kwana tayar baya kada ta hau dusar da ka zubar. Irin su Timberjack 230 da John Deere 440 da Tree Farmer ƙanana, mai ƙafa 11 ta rufe su. Amma babbar John Deere 648 ko Tigercat mai taya mai faɗin inci 30.5, faɗinta ya haura ƙafa 10, ka sa mata mai 11 kana sharewa tayarka tana binka tana dannewa, irin waɗannan sai 13 ko 14. Kar kuma a ce to bari in sa wa ƙaramar mai 14 in huta, dan garmar gwamnati mai ƙafa 11 ma nauyinta yana kusan tan ɗaya, kuma tana rataye ne can gaban aksil.

Yadda zaka ɗaura ta ya kusa fin wace iri ce muhimmanci. Hanya mafi sauƙi, ka yi wa bayan garmar ƙugiya biyu da zasu hau kan ƙarfen asali daga sama, ka kulle ƙasa da fin ko sarƙa mai ɗaurewa. Minti goma ka saka minti goma ka cire, da safe ka share hanya da rana ka ja itace, ga wanda motarsa ɗaya ce wannan ba ƙaramin abu bane. Illarta garmar tana yin nisa da tayoyin gaba, kuma duk nisan da ta ƙara, ɗan ramin da taya ta faɗa sai ya zama babban sara a bakin garmar, ga nauyi a kan silindodi. Hanya ta biyu ka cire ƙarfen asali gaba ɗaya ka sa garmar a mazauninsa da finafinansa, tafi matsowa kusa tafi daidaito, amma motar ta zama ta shara kenan har bazara. Ta uku wadda nafi so in har akwai lokaci, ka yi mata nata hannuwan turi daban da zasu kama shasi ta ƙasa, shi ƙarfen asali aikinsa kawai ya ɗaga ta da sarƙa.

Sarƙar nan ita ce maganin babbar matsala. Bawul ɗin ƙarfen gaba a sikida da yawa, musamman tsofaffi, bashi da wurin da zaka saki garma ta bi ƙasa da nauyinta. Inda ka ajiye ta nan take tsayawa, in ka danna kuma tana iya ɗaga gaban motar sama. Kenan a hanyar tsakuwa mai hawa da sauka ko ta bar dusa ko ta kwashe maka tsakuwar da aka saya da kuɗi ta zuba a kwata. Idan sarƙa ce take ɗaga ta, da ka sauke ka bar sarƙar ta yi sako-sako, garmar tana hawa tana sauka da kanta a kan takalmanta, wato ƴan ƙarafan da take zamewa a kansu ta ƙasa. Wanda ya zaɓi ƙugiya sai ya yi ramin fin ɗin dogo maimakon zagaye, ya bata wasan inci uku ko huɗu sama da ƙasa. Abu ɗaya kuma da nake roƙon masu walda su duba kafin su ƙona sanda ko ɗaya: ku ajiye motar a daben da yake daidai, garmar a ƙasa, ku tabbata ƙarfen A ɗin yana kwance daidai da ƙasa. In ya ɗaga ko ya sunkuya, tana miƙe zaka ga komai lafiya, da ka karkatar sai kusurwa ɗaya ta nutse ɗaya ta tashi, bakin ya cinye ta gefe ɗaya cikin wata guda.

Juyawar kuma ko da hannu ko da mai. Da hannu fin ne zaka zare ka tura garmar ka mayar, ba abin da zai lalace, kuma in hanya ɗaya ce doguwa sau biyu ko uku kawai zaka sauka. Amma ka tuna sauka ce cikin dusa da safar hannu, fin ɗin ya daskare kana dukansa da guduma. In zaka sa silinda, ka fara sanin irin haidirolik ɗin motar. Tsofaffin Timberjack famfonsu mai giya ne, man yana zagayawa kullum, su kuwa tsofaffin John Deere irin 440 da 540 nasu a rufe yake, matsin yana tsaye sai an buƙata. Ka sa bawul ɗin wancan a wannan, ko mai ya yi ta zafi ko sitiyari ya mutu maka. Kuma dole a sa ɗan bawul ɗin nan na tsakanin tiyo biyu da yake sakin mai daga silinda ɗaya zuwa ɗaya idan kusurwar garma ta daki abu, in babu shi tiyo ne zai fashe, man ya zube a kan dusa kilomita 5 daga gida.

Taya ba sarƙa a kan ƙanƙara kuwa kar ma a fara. Tayar sikida ga laka aka yi ta, a kan hanyar da ta daskare santsi take kamar sabulu, kuma abu mai tan 7 in ya fara zamewa a gangare ba birkin da zai tsayar da shi. Sarƙa mai zobe tana da kyau a daji cikin dusa mai zurfi amma tana girgiza mutum a hanya mai tauri, mai ƙusoshi irin ta Trygg ko Pewag tafi kama ƙanƙara kuma tafi laushin tafiya. Aƙalla a sa a gaba, in da hali duka huɗu. Sai dai sarƙar tana cin kwalta, ka tsaya a bakin hanyarka. A nan Ontario ma doka ce, sashe na 181 na dokar hanya ya hana tura dusa kan titin gwamnati ba tare da izini a rubuce ba, kowa ya tambayi yadda abin yake a jiharsa, ya kuma tambayi mai inshora kafin ya fara share wa maƙwabta da kuɗi.

Wani abu da ban sani ba sai da na zo nan, share hanyar daji ba dan a wuce kawai ake yi ba. Dusa bargo ce, in ta rufe ƙasa sanyi baya shiga, ƙarƙashinta laka tana nan da ɗanyenta har tsakiyar hunturu. Masu itace suna kwashe ta ne da wuri dan sanyin ya ratsa ƙasa ya daskarar da ita ta iya ɗaukar tirela mai lodi, akwai fadamun da in ba a wannan lokacin ba ba mai iya fito da itace daga cikinsu. To a farkon kaka kafin ƙasa ta kama, takalman garma nutsewa suke, bakin yana yankar hanya. Dabarar da wani dattijo mai jin Faransanci da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya koya min, ka samu bututun ƙarfe mai kauri ka tsaga shi a tsaye ka zura a bakin garmar, sai ta riƙa zamewa a kan tsakuwa tana barin ɗan siririn dusa da zai danne ya zama daɓe. In ƙasa ta daskare ka cire. Shi ne kuma ya riƙa ce min yaro, zubin farko ka tura shi nesa kamar kana hauka, dan wurin da ka bari a Disamba shi zaka nema a Maris. Kuma tun Oktoba a kafa sanduna a kan kowace kwalbati da kowane dutse, dan in fari ya rufe ko'ina ba ka gane bakin hanya da bakin rami.

Kar a manta da direban. Tsohuwar sikida mai winci keji ne kawai na ƙarfe da raga, ba gilashi ba hita, dusar da take tashi daga garma a fuskarka take sauka. A rufe ta da roba mai kauri ko da ta gaba ce, a ƙara fitila a sama dan garmar tana tare na ƙasa, amma kar a huda ko a walde ginshiƙan kejin nan, shi ne zai tsare ranka in motar ta kife. Injin Detroit mai silinda uku da yake cikin yawancin 230 ga ƙara ga ƙin tashi da sanyi, sai da hitar inji da aka jona tun dare da gas na hunturu wanda baya daskarewa, kuma a bar man haidirolik ya ɗumama kafin a ɗora masa nauyi.

Akwai kuma inda zan ce a bar maganar gaba ɗaya. In hanyar ta kai kilomita 20 ko 30 kuma tireloli suna bi kullum, aikin gireda ne mai fiffike ko babbar mota, sikida zata sha mai ta sha taya ta sha fin ɗin ƙugu kuma bazata gama kafin direbobi su iso ba. In kuma ƴar hanyar gida ce ta mita 300, tarakta mai injin feso dusa ta fi, dan ita tana jefar da dusar nesa bata gina katanga. Sikida tana cin riba ne a tsakiya, hanyar daji ta kilomita 2 zuwa 10, mai hawa, mai kututture, inda akori-kura zata maƙale kuma motar dama tana nan a ajiye an gama biyan kuɗinta.

Shi ɗan uwan namu abin da nace masa, ya nemi miƙaƙƙiya mai juyawa ta ƙafa 11 daga gwanjon ƙaramar hukuma, ya duba sifirin ɗinta suna nan kuma bayanta bai rube ba inda gishiri yake taruwa, ya yi mata hannuwan turi zuwa shasi, sarƙa ta ɗaga ta, shekarar farko ya juya ta da fin da hannu har ya gane ko yana buƙatar silinda. In daga baya ya ci karo da tsohuwar V da arha a bayan gidan wani manomi ya ɗauka, ya yi mata mazauni iri ɗaya da na waccan, ya ajiye ta dan ranar da aka wayi gari dusa ta kai ƙugu. Yace maigidan nasa ya fi karkata ga V dan ita ya gani tun yana yaro. Nace to ka tambaye shi a ina tirelar itacen zata juya, kuma wa zai share wurin.